Masu son zama likitocin ido, ku fara tambaya: hannun wa ke yin tiyatar?

Malam Edita,

Assalamu alaikum, ina gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ya aiki ya haƙuri da jama'a. Don Allah ka ɗan sam min fili a shafin wasiƙu in yi magana da 'yan uwana ɗaliban likitanci, musamman 'yan aji biyar da aji shida na nan Sakkwato da maƙwabtanmu Kebbi da Zamfara waɗanda ransu ya kwanta da aikin ido, don ni ma ɗayansu ne, kuma na lura yadda muke zaɓen inda za mu je horon ƙwarewa akwai gyara a ciki sosai. In ka zauna a hostel ana hirar residensi, wato wannan horon ƙwarewar, abin da za ka ji bai wuce wane asibiti ya fi suna, wane gari ya fi daɗin zama, ina ne albashi ke shiga kan lokaci, ina kake da wanda zai tsaya maka ba. Duk waɗannan ba laifi ba ne a duba su. Amma tambayar da ta fi su nauyi da wuya ka ji an yi ta, wato a wannan wurin, ranar tiyata, hannun wa ke yin aikin? Na mai koyo ne, ko kuwa shi dai yana gefe yana ɗiga ruwa a ido yana miƙa kaya har shekarun su ƙare?

Bari in yi wa masu karatu da ba likitoci ba bayanin hanyar a gurguje, don iyayenmu ma su san abin da 'ya'yansu ke ciki. Bayan shekara shida ta jami'a sai hausjob, wato aikin sanin makama a asibiti, na shekara ɗaya, sai bautar ƙasa, kuma dole mutum ya ci jarrabawar share fage da ake kira firamare a ɗaya daga cikin kwalejoji biyu, ko dai kwalejin horar da ƙwararrun likitoci ta ƙasa, NPMCN, da ke Ijanikin a Legas, ko kwalejin likitocin tiyata ta Afirka ta Yamma, WACS. Da wannan takardar zai nemi gurbi a asibitin da kwalejin ta amince ya horar, ya fara a matsayin ƙaramin rejistara, ya ci jarrabawar kashi na ɗaya ya zama siniya, ya rubuta kundin bincike ya ci kashi na biyu, sannan a kira shi kwansaltan. Abin ba ya yin ƙasa da shekara huɗu, in kuma aka haɗa da yajin aiki da faɗuwa jarrabawa da jinkirin kundi ba abin mamaki ba ne ka ga shida ko bakwai. Wuraren da aka fi ambata in ana zancen ido a Arewa mun san su, akwai asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a nan gida, akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna da aka kafa a 1979, akwai asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya, akwai asibitin Malam Aminu Kano, akwai asibitin ido na ECWA a Kano wanda ke aiki tun shekarun 1940, ga kuma na Kudu irin su UCH, asibitin koyarwa na Jami'ar Ibadan. Ba na rubuto don in ɗaga wani in kada wani ba ne, ko wanne ka nufa tambayoyin iri ɗaya ne.

Dalilin da ya sa na kafe a kan maganar hannu shi ne irin makantar da ke damun mutanenmu. Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya nuna kashi 4.2 cikin ɗari na 'yan shekara 40 zuwa sama makafi ne, sama da mutum miliyan ɗaya ke nan, kuma Arewa ta fi Kudu maso Yamma shan wahala nesa ba kusa ba. Yanar ido kaɗai ita ta jawo kashi 43 cikin ɗari na makantar, gilakoma wadda mutanenmu ke cewa hawan jinin ido ta biyo baya da kusan kashi 17, kuma kashi 84 cikin ɗari na duka makantar abu ne da za a iya hanawa ko a warkar. To ita yana ba ta jin ƙwaya ba ta jin ɗigo, tiyata ce kawai maganinta. Wani abin da ya fi tayar min da hankali a wannan binciken, cikin idanun da aka taɓa yi wa aikin yana, fiye da huɗu cikin goma ba a asibiti aka yi ba, masu aikin gargajiya ne suka soka tsinke suka tura yanar ta faɗa can cikin ido.

Wanda bai taɓa ganin irin wannan idon ba ba zai gane ba. Lokacin da muke zagayen sashen ido an kawo wani dattijo daga wani ƙauye ta wajen iyakar Nijar, jikansa na riƙe da sandarsa, aka zaunar da shi gaban silit-lam, wato madubin da ake haska ido a duba cikinsa, rejistara ya duba ya ce in zo in leƙa. Baƙin idon na rawa duk lokacin da ya motsa don babu abin da ke tokare shi daga baya, da aka haska ciki kuma ga yanar can ƙasa ta kwanta, idon ya yi ja, da aka auna ƙarfinsa ya hau sosai. Aka tambaye shi me ya faru, ya ce, "Likita, wani mutum na yaz zo garinmu yay yi man aiki, kwana ukku ina gani ƙwarai, daga nan sai zogi sai duhu." Rejistaran ya ce, "Baba, mi ya hana ka zo asibiti tun farko?" Ya ce wani maƙwabcinsa ya je an yi mai aiki a wani asibiti ya dawo bai gani ba, shi ya sa. Wannan amsar ita nake so 'yan uwana su riƙe. Duk tiyatar da ta lalace a hannun likitan da bai ƙware ba, ƙauye guda take korewa daga asibiti ta miƙa su ga mai tsinke, don mutanenmu da ido suke yin hukunci, in wane ya je ya dawo yana gani gobe mota cike za ta taso, in ya dawo a jagore shi ke nan an rufe babin.

Saboda haka in ka je duba wuri, gaisuwar shugaban sashe wajibi ce, ka gaishe shi da ladabi ka ji abin da zai faɗa, amma ba a ofishinsa amsar take ba. Ka nemi siniya rejistara wanda ya kusa fita, ka bari sai an tashi daga kilinik ya sarara, ka roƙe shi ya nuna maka logbuk ɗinsa, wato littafin da kwaleji ta wajabta a rubuta kowane aiki da aka yi kwansaltan ya sa hannu. A nan za ka ga bambancin aikin da mutum ya kalla, da wanda ya taimaka, da wanda ya yi ana tsaye a kansa, da wanda ya yi shi kaɗai. Kar ka yarda da amsar "ai muna yin aiki sosai a nan", ka ce ranka ya daɗe, kai da hannunka yana nawa ka cire daga farko har ƙarshe, a wace shekara aka fara ba ka, kuma a watan da ya wuce nawa ka yi. Sannan ka je ka yi wa ƙaramin rejistara na shekarar farko irin tambayar shi ma, in amsoshin suka yi hannun riga to akwai abin dubawa. Akwai wuraren da marasa lafiya sun yi yawa har layi ya fita waje amma masu koyo sun fi ƙarfin gadajen tiyata, ranar aiki ɗaya ko biyu a sati, madubin tiyata ɗaya, mutum goma sha na jiran layi, ai in dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Ka ƙirga da kanka, ranakun tiyata nawa, tebur nawa ke aiki a lokaci guda, masu koyo nawa, lissafin ba ya buƙatar kalkuleta.

Kuma ka tambayi wane irin aikin yana ake koyarwa. Mu ɗalibai muna da zumuɗin fako, wato na'urar nan da ke farfasa yana ta zuƙe ta ta ɗan ƙaramin rami, don ita muke gani a YouTube, kuma gaskiya abu ne mai kyau a iya ta. Amma yanar da ke zuwa mana daga Gada da Tangaza da Illela har da ta 'yan uwanmu na Ƙonni, yawanci ta riga ta nuna ta yi tauri, mai ita ko yatsa ba ya ƙirgawa sai dai ya ce ga haske, ga kuma tsadar kayan fako da matsalar wuta da rashin mai gyara in ta tsaya. Aikin da zai fitar da mutanenmu shi ne wanda ake kira SICS, ƙaramar tsaga da hannu, ka haƙa 'yar hanya a farin ido, ka buɗe jakar da yanar ke ciki, ka fito da ita ɗungurungum, ka wanke saura, ka dasa lens ɗin roba, sau da yawa ko ɗinki ba a yi don tsagar da kanta take rufewa. Wanda ya ƙware a wannan zai iya aiki a babban asibitin ƙaramar hukuma da janareto da madubi ɗaya. Wanda ya fito bai ƙware ba kuma, ko takarda nawa ya tara, zai koma rubuta ɗigo da gilashi yana tura mutane Kaduna da Kano, alhali wanda ake turawar kuɗin motar zuwa Sakkwato ma sai da ya sayar da tunkiya.

Kafin a kai ga idon mutum akwai ɗakin gwaji, wet-lab suke ce mai, kuma wannan wallahi ba mu da uzuri a kansa a garin da ake yanka awaki da tumaki kullum. Idon akuya daga mayanka ake karɓowa da safe a cikin kula da ƙanƙara, a kafe shi da allurai a jikin soso, mutum ya zauna gaban madubi ya yi ta haƙa hanyar nan yana ɓatawa yana sakewa har hannu ya daina rawa. Na taɓa samun dama na zauna a irin wannan, abin da ya fara ba ni mamaki shi ne yadda ɗan motsin da ba ka ma san ka yi ba yake zama babba a cikin madubi, ga ƙafa na kan feda tana daidaita gani, ga hannu biyu kowanne da aikinsa. Ka ce a nuna maka ɗakin. Ka duba ko madubin na kunnuwa, ko akwai kaya a ciki, ko akwai ranar da aka ware da malamin da ke zuwa, ko kuwa ɗaki ne da ake sharewa sai 'yan kwaleji za su zo tantancewa. Kuma shawara ta musamman, tun kana ɗalibi ka sa a gwada maka ko idanunka biyu na haɗuwa su gane zurfi da kyau, don aikin nan a cikin 'yan milimita ake yin sa, gara ka sani tun yanzu.

Sai maganar malami, wadda ita ce ta fi wuyar aunawa amma in ka shiga tiyata rana ɗaya za ka gane. Aikin yana ba a cika sa mutum barci ba, allurar kashe zafi ake yi a gefen ido, mara lafiya na kwance a farke yana jin duk abin da ake faɗa, wani ma yana ta salati a ƙarƙashin mayafi. To ka duba yadda kwansaltan ke yi in mai koyo ya kusa kuskure. Akwai wanda zai sa ido a madubi na biyu ya ce a hankali, tsaya, ja baya kaɗan, ƙara ruwa, in abin ya gagara ya karɓa ya gyara wurin ya sake miƙa mai ya ƙarasa. Akwai kuma wanda zai daka tsawa ya fizge kaya, mara lafiya ya firgita ya motsa kai, mai koyo kuma ya yi wata uku ba a sake ba shi ba. Kowane likitan ido a duniya jakar bayan yana ta taɓa fashe mai ruwan cikin ido ya biyo, ba a koyon aikin ba tare da haka ba, abin tambaya shi ne ranar da ta faru da kai wa zai tsaya kusa ya koya maka yadda ake tsaftace wurin a ceci idon, kuma ko sashen na zama a tattauna irin waɗannan ba tare da tozarci ba. Ka tambayi kwansaltan nawa ne a takarda, nawa ne kuma ake gani da ido ranar Litinin da safe, don wasu sunansu na jikin allo amma jikinsu na asibitinsu na kuɗi ko ƙasar waje.

Yawan aiki kuma ba shi ne kyan aiki ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da ba da ma'auni, aƙalla kashi 80 cikin ɗari na idanun da aka yi wa aikin yana su iya karanta layin 6/18 na allon gwajin gani ko fiye, waɗanda ganinsu ya gaza 6/60, wato babban harafin saman allon, kuma kar su wuce kashi 5. Sashen da ya san abin da yake yi yana da rajistar wannan, kuma mai koyo ya san nasa sakamakon. Washegarin tiyata in an cire bandeji an goge ido aka tsayar da tsohuwa gaban allon nan mai harafin E, tana nuna wa da yatsu sama ko ƙasa ko gefe tunda ba ta yi boko ba, abin da ta kai a rubuta, in ta dawo bayan sati a rubuta, bayan sati shida a rubuta. A nan ne nake da ƙorafi kan aikin ido kyauta da ake shiryawa a garuruwa, wanda 'yan siyasa da masu hali ke ɗaukar nauyi. Alheri ne babba Allah ya saka musu, kuma a nan masu koyo da yawa ke samun hannu, amma in an yi wa ɗaruruwa aiki cikin kwana kaɗan aka naɗe kaya aka tafi, wa zai ga wanda idonsa ya kama ƙwayar cuta a kwana na huɗu? In an ce maka ana fita ƙauye, ka ce madalla, da malami ake fita, kuma ana komawa dubiya?

Na'urori ma haka. Na je wani asibiti a wata jiha, ba zan kama suna ba, aka zagaya da ni aka nuna min na'urar ɗaukar hoton bayan ido da ta leza an lulluɓe su da leda gwanin sha'awa, da na keɓe da wani mai koyo na ce yaushe rabonka da amfani da wannan, sai ya ce tunda ya zo bai ga an kunna ba, wani ƙarfe ya lalace ana jiran kwangila, ɗayar kuma makullin ɗakin na hannun mutum ɗaya. Don haka kar ka tambaya ko akwai, ka tambaya ko tana aiki yau kuma wa ke taɓa ta. Mafi muhimmanci a wurina ma ba manyan ba ne. Silit-lam nawa ke kilinik, kowane mai koyo na samun nasa ko layi ake yi. Ana auna tsawon ido da lanƙwasarsa kafin a zaɓi lambar lens ɗin da za a dasa, ko kowa lamba ɗaya ake sa mai a ce Allah ya sa a dace. Akwai na'urar gwada faɗin gani ta masu gilakoma. In NEPA ta ɗauke ana tsakiyar aiki minti nawa ake yi kafin janareto ko sola ta kama.

Gilakoma ita ce ta biyu kuma ita ta fi mugunta don abin da ta ci ba ya dawowa, mutum ba ya jin komai sai gani ya rage kamar ta cikin bututu. Littafi zai ce a ba shi ɗigo har ƙarshen rayuwa, to manomi daga Wurno ko Rabah ɗigon wata nawa zai iya saye, ga wani ɗigon irin latanoprost kafin a buɗe shi a firji ake so a ajiye, a garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu. Shi ya sa tiyatar buɗe wa ruwan ido hanya, trabekulektomi, take da muhimmanci a wurinmu, kuma wurare da yawa an rage yin ta har mai koyo ya fita bai yi ko kaɗan ba. Ka tambaya. Haka aikin gashin ido da ke juyawa ciki yana gogar ido saboda amosanin ido, wanda ƙungiyoyi irin su Sightsavers suka daɗe suna yaƙi da shi a Sakkwato da Kebbi da Zamfara. Ga yaran nan masu ƙaiƙayin ido da idonsu ke yin ruwan ƙasa lokacin ƙura, iyaye su saya musu ɗigon siteroid a kemis su yi ta zubawa shekara da shekaru har ya haifar musu da gilakoma ko yana. Ga masu ciwon suga da sikila da jini ke zuba a bayan idonsu, ga dajin ido na jarirai da uwa za ta ce tana ganin wani fari na ƙyalli a idon yaron da dare. Ba kowane asibiti ke da ƙwararre a kowane fanni ba, wannan ba abin kunya ba ne, amma wuri na gari zai tura ka inda ake da shi na wasu watanni, ka ji ko ana turawar da gaske kuma wa ke biyan kuɗin zama.

Maganar takardu ba zan daɗe a kai ba. Ka tabbatar amincewar kwaleji na nan ba ta ƙare ba, cikakkiya ce ko ta wucin gadi, ta NPMCN ce ko WACS ko duka biyun, kuma mutum nawa aka yarda su ɗauka, don in an ɗauki fiye da ƙima kai za ka sha wahala ranar cike fom ɗin jarrabawa. Ka ji cikin waɗanda suka zauna kashi na ɗaya a 'yan shekarun nan nawa suka ci a zaman farko, kuma siniyoyi nawa suka maƙale a kan kundi saboda mai dubawa ba ya karantawa.

Kuɗi da rayuwa su ma gaskiya ne ba son duniya ba. Akwai dokar horar da likitoci ta 2017 da ta tanadi asusun tallafa wa masu residensi don kwasa-kwasai da jarrabawa, ka tambayi mutanen wurin ko yana isowa hannunsu. In jiha ce za ta tura ka a matsayin ƙari a kan gurbin asibitin, albashinka daga jiha zai riƙa fitowa, to ka ga takardar a rubuce kafin ka ɗaure kaya, kuma ka ji ko ana ba irinku tiyata daidai da 'yan gida. 'Yan uwana mata, kuma suna da yawa masu son ido, ku nemi mace mai koyo a wurin ku tambaye ta yadda ake yi da hutun haihuwa, ko yana jawo a mayar da mutum baya a layin tiyata, da masauki, da yadda kol, wato aikin kwana a asibiti, yake. Muna buƙatarku ƙwarai don akwai matan da sun fi sakin jiki da likita mace, kuma mata ne suka fi zama da yana a gida ba a kai su ba. Batun tsaron hanya kuma duk ɗan gabashin Sakkwato ya sani ba sai na faɗa ba, a tambaya yadda sashe ke tsara fita.

Na san abin da wasu za su ce, wai ɗan talaka da zaɓe, gurbin ma samunsa aiki ne, duk inda aka ba ka ka karɓa ka gode Allah. Akwai gaskiya a ciki, guraben sun yi kaɗan, wasu na shekaru da firamare a hannu suna jira. Amma ko da wuri ɗaya ne ya kira ka, sanin raunin wurin tun kafin ka shiga shi zai sa ka shirya, ka san cewa hutunka a asibitin da ake yawan aiki za ka yi shi, ka san za ka riƙa zuwa mayanka da kanka, ka san wane malami za ka liƙe wa. Kuma in muka yi ta yin tambayoyin nan shekara bayan shekara, sassan da kansu za su fara jin nauyi.

A ƙarshe ina roƙon shugabannin sassan ido na asibitocinmu, iyayenmu ne kuma malamanmu, duk lokacin da za a tallata gurbi a haɗa da bayanin yawan aikin yana da aka yi a shekarar da ta gabata, nawa masu koyo suka yi da hannunsu, da sakamakon gani, tunda alƙaluman na nan a rajistar tiyata ba sai an ƙirƙiro ba. Gwamnatin jiha kuma, muna da ƙananan hukumomi 23, in za a ɗauki nauyin yaranmu su koyo aikin ido a tura su inda za a ba su hannu, kuma kafin su dawo a tanadi madubin tiyata da kayan aiki da nas-nas na ido a manyan asibitocin da za a kai su, don rashin kayan aiki na cikin abin da ke sa wanda ya dawo ya sake ɗaukar jaka ya nufi Saudiyya. Kai kuma Malam Edita, da za ka tura wakilinka ya zagaya sassan ido na Sakkwato da Birnin Kebbi da Gusau da Kaduna da Kano ya yi musu waɗannan tambayoyin a buga amsoshin, da ka taimaki ɗalibai da yawa da ba su da kuɗin motar zuwa su gani da idonsu. Na gode da wannan fili, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Wassalam,
Naka, ɗalibin likitanci ɗan aji shida,
Sakkwato.